Ina Za Ka Rubuta Bayanin Hoto Don Kada Ya Ɓace In Ka Canja Manhaja?

Ka yi wata guda kana bin hotunanka ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta wane ne a ciki, a ina aka ɗauka, me ake yi a ranar. Sai wata rana ka buɗe wannan foldar a wata manhaja dabam, ka tarar da hotunan nan wayam, ko kalma ɗaya babu. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne sabuwar manhajar ta goge maka aiki. Galibi ba haka ba ne. Rubutun bai taɓa shiga hoton ba tun farko. Yana can cikin kundin tsohuwar manhajar, ita kaɗai ta san inda ta sa shi.

Saboda haka kafin a yi gardamar wace manhaja ta fi, a fara sanin inda rubutu ke kwana. Wurare huɗu ne: cikin fayil ɗin hoton kansa, cikin wani ƙaramin fayil da ke zama kusa da hoton wanda zan riƙa kira ɗan rakiya, cikin kundin manhaja, ko a ma'ajiyar kamfani ta intanet. Kowace manhaja tana da wanda ta fi jingina da shi, wasu kuma suna haɗa biyu, a nan ne ma rikicin ya fi yawa.

Mu fara da cikin fayil, don shi ne ya fi kama da rubutun da ake yi a bayan hoton kati da biro: duk inda hoton ya je, rubutun na biye. Fayilolin JPEG da TIFF da DNG suna da wurin ajiye rubutu wanda bai shafi hoton ba, kuma manhajar da ta san aikinta tana rubutu a wurin ba tare da ta sake matse hoton ba, don haka ingancinsa ba ya raguwa. Sai dai a wannan ɗan wurin, tsare-tsare uku ne suke zaune tare, kowanne da tarihinsa. Exif na masu ƙera kyamara ne na Japan, ya fito a 1995, aikinsa riƙe ranar ɗauka da ƙirar kyamara da saurin rufe ido da makamantansu. IPTC na 'yan jarida ne, an tsara shi a farkon shekarun 1990 domin kamfanonin dillancin labarai su riƙa aika hoto da bayaninsa, daga baya Photoshop ta ɗauke shi ya bazu. XMP kuwa Adobe ce ta fito da shi a 2001, ya zama ƙa'idar ISO a 2012. To bayanin hoto guda ɗaya yana iya zama a wuri uku lokaci guda: ImageDescription a Exif, Caption-Abstract a tsohon IPTC, da dc:description a XMP. In wata manhaja ta gyara ɗaya ta bar biyu, wata kuma ta karanta daga waɗanda aka bari, sai ka ga tsohon rubutun da ka goge ya dawo kamar fatalwa. Wasu tsofaffin kyamarorin Olympus da Sony ma suna cika filin Exif ɗin da sunan kamfaninsu, shi ya sa wani lokaci kake ganin OLYMPUS DIGITAL CAMERA a matsayin bayanin hoton da ba ka rubuta wa komai ba. A 2008 wata ƙungiya da ta haɗa Adobe da Apple da Canon da Microsoft da Nokia da Sony ta fitar da jagorar yadda za a daidaita wuraren nan uku. Manyan manhajoji da yawa sun bi, amma ba duka ba.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani ƙarin ƙulli, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na ɗaukar tsare-tsaren nan uku daidai wa daida. Filin ImageDescription na Exif an gina shi ne kan haruffan ASCII, wato tsohon jerin haruffan Turanci na kwamfuta, waɗanda babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu. Sai a 2023, da Exif 3.0, aka shigo da UTF-8, wato tsarin rubutu na Unicode mai ɗaukar haruffan harsuna da yawa, kuma kyamarori da manhajojin da ke hannun mutane ba su gama kamo wannan ba. Tsohon IPTC yana iya ɗaukar haruffa masu ƙugiya, amma sai an sa wata alama a fayil ɗin da ke cewa rubutun UTF-8 ne. In manhaja ta rubuta ba ta sa alamar ba, mai karantawa zai yi ta hasashe, sai "ɗaki" ya koma wasu baƙaƙen da ba su da kai ba su da gindi, ko alamar tambaya. Ga kuma iyaka: bayanin hoto a tsohon IPTC bait 2000 ne (harafin boko na yau da kullum bait ɗaya yake ci), kalmar nema guda, wato kalmar da ake manna wa hoto don a nemo shi, bait 64, sunan mai ɗauka bait 32. Kowane harafi mai ƙugiya bait biyu yake ci, don haka iyakar ta fi kusa gare mu fiye da yadda lissafin ya nuna. XMP ba shi da ko ɗaya daga cikin matsalolin nan. Unicode ne tun asali, ba shi da waccan iyakar, har ma yana barin bayani guda ya zo da harsuna da yawa, Hausa da wani harshe gefe da gefe. A ganina duk manhajar da ba ta rubuta XMP ba ta cancanci ka ba ta amanar rubutunka ba, komai kyan fuskarta.

Aibin rubutu cikin fayil shi ne kowane ɗan gyara yana taɓa fayil ɗin gaba ɗaya. Ka gyara harafi ɗaya a bayanin wani TIFF mai nauyin megabait 100, manhajar da ke yi maka kwafin ajiya za ta ga fayil ya canja, ta sake kwashe shi duka. Ka ƙara kalmar nema ɗaya a kan hotuna dubu biyar, ka jawo wa kanka lodin dare guda. Kuma akwai fayilolin da ba a so a taɓa su sam: ɗanyen hoton kyamara, wato RAW, irin CR2 da CR3 na Canon, NEF na Nikon, ARW na Sony. Tsarin cikinsu na kamfanonin ne, ba duka aka bayyana ba, shi ya sa yawancin manhajoji ke kauce wa rubutu a ciki.

Nan ɗan rakiya ya shigo. Ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da .xmp, nauyinsa 'yan kilobait, rubutu ne zalla da za ka iya buɗewa ka karanta da idonka. Asalin hoton ba a taɓa shi, kwafin ajiya ba ya wahala. Da a ce kowa ya yarda da yadda za a raɗa masa suna, da magana ta ƙare. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Lightroom da Bridge, manhajojin Adobe, da Capture One suna cire ƙarshen sunan hoton: IMG_0412.CR2 ɗan rakiyarsa IMG_0412.xmp ne. darktable da digiKam kuma suna barin ƙarshen su ƙara nasu: IMG_0412.CR2.xmp. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma hujjar na biyun ta fi ƙarfi, domin in kyamararka tana ɗaukar RAW da JPEG tare da suna ɗaya, suna irin na Adobe ba ya nuna na wane ne ɗan rakiyar. Amma ƙarfin hujja ba ya hana asara. darktable tana karanta fayil mai irin sunan Adobe lokacin da aka shigar da hoto karon farko, ta kwashi taurarin makin da ka ba hoto da kalmomin nema, sannan ta ci gaba da rubutu a nata. Lightroom kuwa ba ta ko kallon mai irin sunan darktable. Hanyar ta zama mai tafiya ɗaya, ba dawowa. digiKam tana da wani zaɓi a saitunanta da ke sa ta bi irin sunan manhajojin kasuwa, kuma ga wanda ke aiki da ita tare da Lightroom wannan zaɓin shi ne farkon abin da zai kunna.

Akwai wani tarko na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. darktable ba ta taɓa rubutu cikin asalin fayil, ko da JPEG ne, ɗan rakiya take yi masa. Lightroom kuma ga JPEG da TIFF da DNG cikin fayil take rubutu, daga ciki kuma take karantawa. Ka ga ke nan bayanin da ka rubuta wa JPEG a darktable yana nan kwance kusa da hoton, Lightroom ta wuce shi ba ta gani ba. Sannan ɗan rakiya yana da halin ɓata a hanya: ka canja sunan hoto ko ka matsar da shi da hannu ka manta da abokin tafiyarsa, shi ke nan an raba su. Ka aika wa wani hoton, sai ka tuna ka haɗa da fayil na biyu da shi ma bai san amfaninsa ba. Kada kuma a rikita shi da sauran ƙananan fayilolin da manhajoji ke zubarwa, irin .pp3 na RawTherapee da .dop na DxO PhotoLab da .cos na Capture One. Waɗannan na cikin gida ne, kowace manhaja nata take karantawa.

Kundin manhaja shi ne wurin da ya fi daɗin aiki, shi ne kuma ya fi cin amana. Kundin Lightroom Classic fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .lrcat, rumbun bayanai ne na SQLite. Nema a cikinsa kamar ƙiftawar ido ne, ko da faifan da hotunan ke ciki ba ya jone. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zaɓin rubuta canje-canje zuwa XMP kai tsaye a kashe yake zuwa. In ba ka kunna shi a saitin kundi ba, ko ba ka danna Ctrl da S a kan hotunan da ka zaɓa ba, duk abin da ka rubuta yana cikin wancan fayil guda. Ko ka kunna, akwai abin da ba ya fita: tarin hotuna da ka haɗa, kwafin gwaji da manhajar ke yi ba tare da sabon fayil ba, da jerin matakan gyaran da ka bi. Wanda ya tsara shekarunsa goma da tarin hotuna kaɗai, ranar ƙaura zai gane cewa tsarin nasa na manhajar ne, ba nasa ba. Maganin mai sauƙi ne, ko da yake da gajiya: kowane tari ka zaɓi hotunan cikinsa ka manna musu kalmar nema mai sunan tarin. digiKam ma haka take, sai ka shiga saitin bayanan hoto ka yi wa abubuwan da kake so ta rubuta alama, in ba haka ba a rumbunta za su tsaya. Capture One tana ba da zaɓi uku game da ɗan rakiya: kada ta kula shi, ta karanta kawai, ko ta karanta ta kuma rubuta.

Wannan ba tsoro ba ne na banza, an riga an gani. Apple ta sanar da daina ci gaba da manhajarta ta hotuna, Aperture, a 2014. Google ta rufe Picasa a 2016. Media Pro, wadda ta faro da sunan iView ta ratsa hannun Microsoft ta ƙare a hannun Phase One, an daina ta a 2018. Labarin Picasa shi ya fi koyarwa, domin abu biyu ta yi a lokaci guda. Bayanin da mutum ya rubuta a ƙasan hoto cikin JPEG take sa shi, a filin IPTC, kuma har yau yawancin manhajoji suna karanta shi. Sunayen fuskoki kuwa, in ba ka kunna zaɓin sa su cikin hoto ba, a rumbunta da wasu ɓoyayyun fayilolin .picasa.ini suke zama. Mutum ɗaya, manhaja ɗaya, rabin aikinsa ya tsira, rabi sai da dabara.

Ma'ajiyar intanet ba zan daɗe a kanta ba, kundi ce ita ma, sai dai a hannun wani. Bayanin da ka rubuta a Google Photos ba ya shiga asalin fayil. In ka kwaso kayanka ta Google Takeout, rubutun yana zuwa ne a fayilolin JSON dabam, sai ka nemi abin da zai mayar da shi cikin hotunan. Apple Photos ta fi sassauci: lokacin fitar da hoto akwai akwatin da za ka yi wa alama don take da bayani da kalmomin nema su shiga fayil, in kuma asalin hoton kake fitarwa ba gyara, tana iya haɗa maka da ɗan rakiya na XMP. Amma sai ka fitar. Muddin hoton na cikin ɗakin ajiyarta, rubutun a rumbunta yake.

To ko an zaɓi wurin da ya dace, saura filin da ya dace, kuma nan ne na fi ganin mutane na tuntuɓe. Filaye uku ne suke ratsa kusan kowace manhaja lafiya: take, bayanin hoto, da kalmomin nema. Taurari ɗaya zuwa biyar ma suna tafiya. Duk abin da ya wuce wannan sai an gwada. Filin da ya fi jan ido shi ne wanda aka yi wa laƙabi da sharhi ko 'yan rubuce-rubuce, don sunansa ya yi daidai da abin da kake son yi, amma shi ne mafi rauni. Wanda ke cikin tagar bayanan fayil ta Windows yana zuwa wani fili mai suna XPComment, wanda manhajojin hoto da yawa ba sa nunawa. Wanda ke darktable fili ne da aka aro daga ACDSee, shi ma ba kowa ke duba shi ba. Ni duk abin da nake so ya rayu, a bayanin hoto nake zuba shi, ko da sakin layi uku ne.

Alamar launi abin dariya ce in ka leƙa cikinta. A XMP ba launi ake ajiyewa ba, kalma ce. Lightroom tana rubuta sunan launin, Bridge kuma da saitinta na asali tana rubuta wasu kalmomi na matakin aiki. Manhajoji biyu na kamfani ɗaya, amma jan da ka sa a Bridge yana iya fitowa fari a Lightroom don kalmar ba ta dace da jerinta ba. Kada ka ɗora wa launi wata ma'ana da ba ka rubuta a wani wuri ba. Kalmomin nema masu rassa, irin tsuntsaye a sama, shaho a ƙarƙashinsa, su ma kowa da salonsa: Lightroom da darktable da tsayayyen layi (|) suke raba rassan, digiKam da karkataccen layi (/) a nata filin, ko da yake tana iya rubuta na Lightroom ma. Inda rassan suka karye, abin da ke saura shi ne kalmomin a zube. Don haka kowace kalma ta iya tsayuwa ita kaɗai. In ka sa "2" a ƙarƙashin "gini", ranar da reshen ya faɗi za ka ga "2" kawai ka rasa na mene ne. Ka kuma guji waƙafi a cikin kalmar nema, don manhajoji da dama suna ɗaukarsa a matsayin rabuwar kalma biyu. Shi kuwa gyaran haske da launi, kada ma ka sa rai. Yana iya zama cikin XMP ɗin, amma da yaren da mai rubuta shi kaɗai ke ji sosai.

Wani abu game da tsofaffin hotunan da aka yi wa sikanin: filin ranar ɗauka na Exif yana neman shekara da wata da rana har da sa'a. In abin da ka sani kawai shi ne wajajen 1987, kada ka ƙirƙiro 1 ga Janairu ka bar shi haka, bayan shekaru kai ma za ka yarda da ƙaryar. Rubuta "wajajen 1987" a cikin bayanin.

Yanzu zaɓi. Wanda hotunansa JPEG ne daga waya ko sikana, kuma burinsa 'ya'ya da jikoki su san waye a ciki, ya rubuta cikin fayil, ba wani dogon tunani. digiKam kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana rubuta wuraren nan uku tare, tana kuma karɓar bayani da harshe fiye da ɗaya. Bridge ma tana yi, kuma da yake ba ta dogara da kundi ba, abin da ka rubuta nan take yake sauka a fayil ko a ɗan rakiya. Masu ɗaukar hoton labarai da wasanni sun daɗe da riƙe Photo Mechanic saboda saurinta wajen wannan aikin. Wanda ke ɗaukar RAW kuma yana zaune a Lightroom, ya kunna rubutu zuwa XMP yau, ya bar kundin ya zama wurin nema, 'yan rakiya su zama abin dogaro. Wanda ke gyara a darktable yana tsarawa a digiKam yana da sa'a da rashin sa'a a haɗe: sunan ɗan rakiyarsu ɗaya ne, don haka suna ganin rubutun juna, amma kuma suna iya taka na juna. darktable ta fi yarda da rumbunta, sai ka kunna zaɓin da ke sa ta duba fayilolin XMP da suka canja duk lokacin da ta tashi, in ba haka ba tana iya mayar da tsohon rubutu a kan sabon da ka yi a digiKam.

Wannan ya kawo ni ga ƙa'idar da na fi riƙewa, wadda na koya bayan wata manhaja ta shafe min bayanin hotuna masu yawa da wanda ta riƙe tun watanni baya. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Manhaja ɗaya ce za ta riƙa rubuta bayani, sauran su karanta kawai. In dole ka yi rubutu a ta biyu, ka rufe ta farko, in ka dawo kuma ka umarce ta ta sake karantawa daga fayil kafin ka taɓa komai.

Ƙofar fita ma wurin zubewa ce. Tagar fitar da hoto ta Lightroom tana da zaɓin da ke barin haƙƙin mallaka kaɗai ya watsar da saura. GIMP tana da akwatuna dabam na Exif da IPTC da XMP. WhatsApp tana kankare bayanan in ka aika hoto a matsayin hoto, amma in ka aika shi a matsayin fayil yana isa yadda yake. Yawancin shafukan sada zumunta suna cire mafi yawan abin da ke ciki. Wani lokaci hakan alheri ne, domin abin da ke cikin fayil kowa na iya karantawa: sunan yaro, wurin da aka ɗauka, wata magana da ka rubuta don kanka. Irin wannan rubutun na sirri shi kaɗai ne nake ganin ya fi dacewa ya zauna a kundi, ko a cire shi daga kwafin da za a raba.

Kafin ka ba kowace manhaja wata guda na rayuwarka, ba ta minti goma. Ɗauki JPEG ɗaya da RAW ɗaya, ka yi kwafinsu. Rubuta take, rubuta bayani mai layi biyu da ya ƙunshi haruffa masu ƙugiya, ni "Ɗan ƙaramin ɓera" nake sawa, ƙara kalmar nema mai reshe da taurari uku. Buɗe su a manhaja ta biyu, gyara kalma ɗaya, koma ta farko ka ga abin da ta nuna. In kana son ganin gaskiyar abin da ke cikin fayil ba ta bakin kowace manhaja ba, ExifTool na Phil Harvey, wanda ya fara fitowa a 2003, shi ne alƙali. Umarnin exiftool -a -G1 -s hoto.jpg zai jero maka kowane fili da gidan da ya fito, ka ga ko bayanin nan uku sun yi daidai. Shi ne kuma zai iya kwashe take da bayani da kalmomin nema na folda guda ya zuba su a fayil ɗin CSV, wato jadawali na rubutu zalla, wanda za ka ajiye tare da kwafin hotunan, kuma daga gare shi ana iya mayar da rubutun cikin fayiloli in wata rana ya goge. In ya yi rubutu a hoto, yana barin tsohon fayil da ƙarin _original a sunansa, kada ka share waɗannan sai ka buɗe sababbin ka ga ɓeran nan da ƙugiyoyinsa uku cif.